Babi na Bakwai: Wuƙar Malam a Mayankar Kende

An idar da sallar asuba ke nan, gari bai gama wayewa ba, Malam ya zaro wuƙa daga kube ya miƙo mini ita ta wajen ƙota. Mahauta sun riga sun kayar da sa guda da saniya guda, sun feɗe, an baje kayan ciki a kan fata. Ina tsaye da farar rigar ɗalibai da takalmin roba, ina shekara ta biyar a karatun likitan dabbobi, amma ban taɓa tsaga hantar da mai ita ke tsaye a kaina yana jiran hukunci ba.

"Tsaga mu gani, Likita," in ji Malam.

Shi ba likita ba ne a takarda. Malamin dabbobi ne, ya yi makarantar Mando ta Kaduna tun ban zo duniya ba, ya ƙare ƙuruciyarsa a bayan shanu. Amma tun ranar da na iso Kende da wasiƙar jami'a a hannu, bai taɓa kirana da wani suna ba sai Likita, ni kuwa ina ce masa Malam, in abin ya zo da neman alfarma in ce Baba.

Na juya hantar saniyar, na ja wuƙa ta ratsa hanyoyin maɗaciya kamar yadda aka nuna mana a aji. Sai na ji wuƙar tana ƙaras-ƙaras, kamar ta hau yashi. Hanyoyin sun yi kauri, sun yi fari fat, sun sandare. Malam ya sa babban yatsa ya matsa, sai ga su suna zamowa ɗaya bayan ɗaya: tsutsotsi masu faɗi kamar ganye, launin toka da ƙasa-ƙasa, wasu sun kai tsawon ɗan yatsa, suna lanƙwashewa a kan naman. Na san sunansu na Latin, na zana su a jarrabawa, na ci maki. Ganinsu da rai cikin hantar da za a kai wa mai tsire kafin hantsi, wannan dabam ne.

Sarkin Fawa ya matso. "Malam, wagga hanta kuɗi ta. Yaron ga bashi ya ɗauko saniyar."

A aji an ce mana hanta irin wannan a hana sayar da ita gaba ɗaya. Babu wanda ya gaya mana cewa mai ita zai kasance tsaye, cewa bashi ya ci, kuma ba wanda zai biya shi abin da aka jefar. Malam bai ɗaga murya ba. Ya kira mahaucin ya nuna masa da bakin wuƙa inda cutar ta ci, ya ce ya taɓa da hannunsa ya ji. Ya tambaye shi ko zai kai wa iyalinsa wannan. Yaron ya yi shiru. Aka ware hantar, aka tona rami aka binne don kada karnuka su ja, sauran naman Malam ya duba huhu da kaluluwa da zuciya ya ce a sayar. Sannan ya yi tambayar da na daɗe ban gane nauyinta ba: "Ina anka sayo ta? Garken wa?"

Tsutsar hanta ba daga saniya zuwa saniya take tsallakawa kai tsaye ba. Ƙwanta na fita cikin kashi, ya faɗa ruwa, ya ƙyanƙyashe, ɗan tsutsar ya shiga jikin wata ƙaramar katantanwa ta fadama, ya fito ya maƙale a jikin ciyawa, saniya ta ci. Saboda haka hanta guda a mayanka labari take bayarwa game da garke guda, da mashaya guda, da duk wanda ya yi kiwo a wannan fadama a wannan shekara. Mahauci nama yake gani, mai saye farashi yake gani. Malam kuwa wasiƙa yake karantawa, wadda daji ya aiko masa. Wannan karatun ne ba a iya koyarwa a kan allo, kuma saboda shi nake ganin gwamnati na yin asara babba duk shekarar da ɗaliban likitan dabbobi suka gama makaranta ba su taɓa kwana a gari irin Kende ba.

Hanyar da ta kai ni can ba sabuwa ba ce. Asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, shi ya ɓullo da shirin sanin makamar aiki na ɗalibai da ake kira SIWES a farkon shekarun 1970, don kada ɗalibi ya fito da takarda hannunsa bai taɓa kayan aiki ba. Ɗalibi kan nemi wuri, a ba shi littafin da zai riƙa rubuta aikin kowace rana, mai kula da shi ya sa hannu. Shekaru da dama alawus ɗin bai wuce naira 2,500 a wata ba. Da irin wannan kuɗi ba wanda zai kama haya a garin da ba shi da kowa, don haka yawancin abokan karatuna suka zaɓi inda iyayensu suke: asibitin dabbobi na birni, ko gonar kaji, ko ofishin ma'aikata inda ake zama a benci har a tashi. Ban ga laifinsu ba. Ni ma da ba ni da ɗan'uwan mahaifiya da ke noman shinkafa a yankin, wanda ya ba ni ɗaki da tuwo, da ban zo ba. Bayan kammala shekara shida ta karatu sai bautar ƙasa, wadda aka fara tun 1973, kuma a nan ma kowa ya san yadda ake fafutukar a bar mutum a babban birnin jiha. Ɗalibin likitan mutane yana da shekara guda cur ta gwajin aiki a asibiti, da albashi, ƙarƙashin manya. Wanda zai tsare naman da mutanen ke ci da nonon da suke sha, sau da yawa sa'a ce kawai ke haɗa shi da irin su Malam.

Kende gari ne a ƙaramar hukumar Bagudo, cikin masarautar Gwandu, a Jihar Kebbi. Ƙasa ce ta ruwa. A wannan yanki ne gulbin da ya gangaro ta Sakkwato da Argungu yake zuwa ya faɗa Kwara, kuma idan ruwa ya ja baya da kaka sai ya bar fadamu masu ɗanyar ciyawa a lokacin da arewa ta bushe. Shi ya sa shanu ke kwararowa: farare, da jajaye masu dogayen ƙaho, da bokoloji, daga Zamfara da Sakkwato da cikin Nijar. Idan aka haye gadar Tuga aka nufi yamma da kudu, sai Ka'oje da Illo da Lolo da Tsamiya, daga nan kuma Jamhuriyar Benin. Ta Lolo ana fita wajen Malanbil, ta Tsamiya ana shiga Segbana, a yankin Alibori inda Benin ta fi yawan shanu. A kasuwa za ka ji Hausa da Fulatanci da Dandanci da Kyanganci da Busanci, ka ga ana lissafi da naira da sefa a bakin turke guda. Iyakar da ke kan taswira, wadda Ingila da Faransa suka shata, ta ratsa ta tsakiyar dangi, ta kuma ratsa burtalin da ya girme ta.

Ƙasashen ECOWAS sun san da haka. A 1998 suka amince da ƙa'idar ƙetare iyaka da dabbobi, wadda ta ce makiyayi ya riƙe takardar shaida mai nuna yawan garkensa, da rigakafin da aka yi masa, da hanyar da zai bi, da inda ya nufa. Tsari ne mai kyau. Sai dai takarda ba ta rubuta kanta: sai an sami ma'aikacin da ya duba shanun, ya yi allurar, ya sa hannu, kuma makiyayin ya yarda ya zo gabansa. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, a ƙarshen wannan shekarar kuma Benin ta hana garkunan ƙasashen waje shiga ƙasarta kiwo. Saniya mai jin yunwa ba ta san doka ba, mai ita kuma ba zai zuba mata ido ta mutu ba. Wasu suka tsaya suka cunkushe a fadamun wannan gefe, wasu suka bi ta daji da dare. Ga mai lura da cuta, duka biyun abin tsoro ne: cunkoso na yaɗa ta, ɓoyayyar hanya kuma na ɓatar da sawunta.

Tsofaffin makiyaya ba sa bukatar a yi musu bayanin abin da cuta mai tafiya da garke ke iya yi, domin sun gaji labarin bushiya. Annobar ta shigo ta gabar Bahar Maliya a ƙarshen shekarun 1880, cikin shanun da sojojin Italiya suka kawo, kafin 1891 ta iso ƙasar Hausa, ta share mafi yawan shanun da ta tarar. Don yaƙi da ita Turawa suka kafa ɗakin binciken dabbobi a Vom a 1924, wanda har yau shi ke sarrafa yawancin alluran rigakafin dabbobi da ake yi a ƙasar nan. A 1962 aka ƙaddamar da gangamin haɗin gwiwa da ake kira JP15 a ƙasashen da ke kewaye da Tafkin Chadi, aka bi shanu ruga-ruga ana yi musu allura ana huda kunne, har aka ɗauka an gama da ita. Da kuɗin gangami suka ƙare, aka sassauta sa ido, sai ta dawo. A 1983 ta kashe shanu dubu ɗaruruwa a Najeriya, ta mai da masu garke 'yan kiwon haya. Malam yana sabon ma'aikaci a lokacin, kuma in ya zo wannan labari yakan taƙaita, ya ce warin mushe ne ya fi tsaya masa a rai. Sai a 2011 aka shelanta cewa bushiya ta ƙare a duniya, cuta ta biyu da ɗan Adam ya taɓa kawarwa bayan agana. Abin da ya gama da ita a lungunan ƙarshe na gabashin Afirka shi ne allurar da ke jure zafi, da mutanen karkara da aka horar, waɗanda makiyaya suka sani suka kuma yarda da su.

Yarda ita ce darasin da na fi shan wuya a kansa. Wata rana muka ɗauki allurar ciwon huhu zuwa wata ruga. Tun da dare Malam ya sayi ƙanƙara wajen masu sayar da ruwan sanyi, ya jera kwalaben cikin kula, ya naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu, ya ɗaure a bayan babur. Allurar gari ce busasshiya a kwalba; da zarar an dama ta, sai a yi amfani da ita nan da nan, kuma in rana ta buge ta, ruwa kawai za ka tsira wa saniya. Muka iso da sassafe kafin a saki shanu. Bayan gaisuwa na buɗe littafina, na dubi Arɗo na ce, "Ranka ya daɗe, shanu nawa ne a garken?"

Wurin ya yi tsit. Arɗo ya dubi Malam, bai dube ni ba. Malam ya yi murmushi ya ce, "Arɗo, yaro na, karatu shikai. A yi mai haƙuri." Ya karkata zance zuwa ruwan bana da farashin dusa. Sai da muka koma gefe ya ce mini, "Likita, ba a tambayar Bafillace yawan shanunai. Kakanninsa sun biya jangali, kuma ko ba jangali, baki na da dafi. Kai dai ƙirga allurar da ka yi, lissafinka ya fito."

Haka aka yi. Samari suka riƙa kama shanu da igiya, wani ya riƙe ƙaho wani ya murɗe wutsiya, ina ɗaga fata ina tsirawa, ina sa ɗigo a takarda. A nan na ga wasu tsofaffin shanu da wani tudu mai tauri a kan karan hanci, kamar ƙaramin ƙaho. Na tambaya. Arɗo da kansa ya amsa, alamar ya huce: rigakafin gargajiya ne. Idan huhu ya kashe saniya, sai a yanki ɗan ƙaramin yanki na huhun, a tsaga fatar hancin mai lafiya a cusa. Dabara ce tsohuwa a Afirka ta Yamma, tana da haɗari, amma tana nuna cewa mutanen nan sun gane ma'anar rigakafi tun kafin a kawo sirinji. Sun san saniya mai huhu tun daga tsayuwarta: ta miƙe wuya, ta buɗe ƙafafun gaba, tana nishi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wadda aka yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta ta miƙe, tana iya riƙe cutar a dunƙule cikin huhunta, ta kai ta wani garke bayan watanni. Kuma rigakafin huhu ba ya daɗewa a jiki, sai an maimaita kowace shekara. Gangami na shekara guda, a yi hoto a watse, ba ya kashe wannan cuta.

A rugar nan ne kuma na ga inda lafiyar dabba da ta mutum suke cakuɗuwa a ƙwarya guda. A kowace kasuwar ƙauye akwai mai tebur da ke sayar da Berenil da Samorin na sammore, da kwalaben allura, da kafso ja-da-yalo, ba tare da kowa ya auna nauyin dabba ko ya duba ranar lalacewar magani ba. Makiyayi ya yi wa saniya allura da yamma, da safe a tatse ta, nonon ya tafi kasuwa a dama da fura. Ragowar maganin na cikin nonon, kuma a hankali ƙwayoyin cuta suna sabawa da shi, har ranar da yaro zai kwanta a asibiti a ba shi irin wannan magani ya ƙi ci. Ta ɗanyen nono ne kuma bakkale, mai sa shanu ɓari, ke shiga mutum ya yi ta zazzaɓin da ake ɗauka na cizon sauro ne. Haka ma tarin fuka na shanu. Wannan magana ta mata ce, domin nono nasu ne, awaki da kaji ma galibi nasu ne. Ni da Malam iyakarmu bakin garke. Da akwai ɗaliba mace tare da mu, da ta zauna a tabarma cikin mata ta ga yadda ake tatsa da yadda ake dafawa, ta ji awaki nawa suka mutu da zawo da majina a bana. Ga shi duniya ta ɗaura niyyar kawar da annobar awaki da tumaki kafin 2030, alhali rabin labarin yana bayan danga, inda namiji baƙo ba ya shiga.

Akwai doka guda da Malam ya maimaita mini har na haddace: dabbar da ta faɗi farat ɗaya, ta kumbura da wuri, baƙin jini mara daskarewa yana fita ta hanci ko ta dubura, kada a sa mata wuƙa. Ciwon saifa ke nan har sai an tabbatar ba shi ba ne. Idan aka buɗe gawar, ƙwayar cutar ta sha iska, sai ta rikiɗe ta yi ɓawon da zai zauna cikin ƙasa shekaru gommai, ambaliya ta tono shi wata rana. Mai fiɗa kan kamu ta fata, mai ci ta ciki. A watan Yunin 2023 cutar ta ɓulla a arewacin Ghana, gwamnatin tarayya ta yi gargaɗi har game da cin ganda, a watan Yuli kuma aka tabbatar da ita a wata gona kusa da Suleja a Jihar Neja. A birni an ji labarin ta rediyo. A ƙauye, abin da ke tsakanin mushen saniya da tukunyar gidaje ashirin shi ne ko akwai mutum guda da ya san alamar, wanda kuma ake jin maganarsa. Haka zancen haukan kare yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan duka ta cizon kare, da yawansu yara. Wanke ciwon da sabulu da ruwa na minti 15 da gaggauta zuwa allura na ceton rai, yi wa kashi 70 cikin 100 na karnuka rigakafi kuma na katse cutar daga tushe. Amma abin da aka saba shi ne a kashe karen a jefar, a kai yaron wajen mai magani, malamin asibiti bai sanar da malamin dabbobi ba, shi ma bai sanar da shi ba.

Ba za a ce gwamnati ba ta san wannan giɓi ba. Tun 2008 akwai shirin horar da masu bin sawun annoba na shekara biyu, tare da Jami'ar Ahmadu Bello da ta Ibadan, wanda ke zaunar da likitan mutane da na dabbobi da masanin ɗakin gwaji a aji guda. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana da nata na wata huɗu, ISAVET, wata guda a aji, uku a fili. A ƙarshen 2019 Najeriya ta ƙaddamar da tsarin "Lafiya Ɗaya" da ya haɗa ma'aikatun lafiya da noma da muhalli. A 2022 aka sabunta dokar yaƙi da cututtukan dabbobi da ta tsaya tun 1988, a watan Yulin 2024 kuma aka kafa ma'aikatar tarayya ta bunƙasa kiwo. Duk waɗannan alheri ne, kuma murar tsuntsaye da aka tabbatar da ɓullarta a wata gona a Jaji cikin Fabrairun 2006 ta koya wa hukumomi darasi mai tsada kafin a kai nan. Sai dai horon da na ambata yana kama mutum ne bayan ya riga ya zama ma'aikaci, ya yi aure, ya kafa gida a birni. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda zai so aikin karkara, yana ɗalibi ake nuna masa shi.

Wasu ƙasashe sun gane haka. A Amurka, cibiyar yaƙi da cututtuka ta CDC tana ɗaukar ɗaliban shekarar ƙarshe na likitancin mutane da na dabbobi su yi makonni shida zuwa takwas cikin aikin bin sawun annoba, tun 1975. Ma'aikatar noman ƙasar kuma tana biya wa sabon likitan dabbobi wani kaso na bashin karatunsa idan ya yarda ya yi shekara uku a yankin da ke ƙarancin likitoci. Ƙasar da ta fi mu kuɗi da likitoci ma sai da ta sa lada kafin matasa su nufi ƙauye. Kusa da mu, Nijar ta bi wata hanyar: likita mai zaman kansa ya zauna a karkara da mataimakan da aka horar daga cikin makiyaya, gwamnati ta ba shi kwangilar rigakafin shekara-shekara. Duk inda aka sami irin wannan likita, an sami inda za a tura ɗalibi.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin jiha guda ba. Ga tsangayar likitan dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ga ta Zariya da ke aiki tun 1964, ga ma'aikatar lafiyar dabbobi a Birnin Kebbi. A keɓe gurabe a garuruwan iyaka da manyan kasuwannin kara, a biya ɗalibi abin da zai ci ya kwana ya sa mai a babur, a tura su bibbiyu, mace da namiji in ya yiwu, a lokacin da shanu ke motsi, ba lokacin da kalandar jami'a ta ga dama ba. Kafin ya tafi a yi masa rigakafin haukan kare, a ba shi safar hannu da kwalaben ɗaukar samfuri. Ni da hannu tsirara na yi wata uku ina tsaga huhu da hanta, kuma yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Mai kula da shi ma a ba shi hakkinsa. Irin su Malam suna ta yin ritaya, ba a ɗaukar madadinsu yadda ya kamata, kuma duk wanda ya tafi, ya tafi da taswirar mashaya da burtali da sunayen arɗo-arɗo da ba a rubuta a ko'ina ba. Rahoton da ɗalibi ya tattara kuma ya isa teburin da ake yanke shawara, a kuma dawo masa da amsa, domin ba abin da ke kashe zuciyar ma'aikacin karkara kamar ya aika samfuri ya ji shiru.

Ban manta da tsaro ba. Tun ƙarshen 2024 sunan Lakurawa ya shiga bakin kowa a Kebbi da Sakkwato, satar shanu ta ƙaru, kuma dazuzzukan iyaka ba kamar da ba ne. Babu uban da zai yarda a jefa ɗansa inda hukuma kanta ba ta kwana, ni ma ba zan ce a yi ba. Amma shanun da aka sato ana kora su da gudu, a sayar da arha, a yanka ba bincike, su cakuɗa da garkunan da ba su taɓa haɗuwa ba. Lokacin da ido ya fi wuyar kaiwa shi ne lokacin da aka fi bukatarsa. Ko da mayanka da kasuwar cikin gari kaɗai ɗalibi zai tsaya, zai ga abin da daji ya aiko.

Saura kwana huɗu in koma makaranta, hunturu ya fara busawa, muna zaune a ƙofar gidan Malam bayan sallar isha'i yana duba littafina da tocila, sai ga wani saurayi ya jingine keke ya durƙusa. Ɗan Arɗon nan ne. Ya gaida Malam, ya juyo ya gaishe ni, ya ce, "Baffa ya ce in gaya muku, ku biyu. Wasu baƙi sun sauka kusa da mashayarmu shekaranjiya, daga arewa, sun nufi iyaka. Shanunsu ukku na tari, guda ta miƙe wuya ba ta kiwo."

Malam ya rufe littafin ya miƙo mini. "Ka ce ma Arɗo kada shi kai shanunai ruwa nan gobe, shi zagaya ta gangare. Muna tahe da asuba." Ya juyo gare ni. "Likita, rubuta kwanan wata da sunan mashayar. Ka wanke kwalabe, ka ɗauko ma'aunin zafi. Ni bari in tai neman ƙanƙara tun ba a rufe ba."